Tambaya da Amsa: Lee Lawrie, Masassaƙin da Aikinsa Ya Fi Sunansa Fita

Masu karatu, assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata mun buga hoton wani ƙaton mutum-mutumi na tagulla, tsaye da kaya a kafaɗa, a bakin wani babban titi na birnin New York. Bayanin da muka sa a ƙarƙashinsa bai wuce layi ɗaya ba, sai ga wasiƙu suna shigowa. Da yake duk a kan mutum ɗaya suka taru, na ga ya fi kyau in bar masa filin wannan mako gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam, wane ne ya ƙera mutum-mutumin nan mai ɗauke da duniya? Ina karatun zanen gine-gine, an koya mana sunayen masu zana manyan benayen Amurka, amma ba a taɓa ambata mana masu yi musu sassaƙa ba. (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ɗana, sunan mutum-mutumin Atlas, wanda ya tsara shi kuma shi ne Lee Lawrie, tare da taimakon abokin sana'arsa Rene Paul Chambellan. An kafa shi a 1937 a harabar rukunin benayen da ake kira Rockefeller Center. Tsawon mutumin kansa ƙafa 15 ne, idan aka haɗa da abin da ya ɗauka da dakalin da yake kai ya kai ƙafa 45, nauyinsa kuma tan 7. Gyara kaɗan: ba duniya ya ɗauka ba, sama ce. Zobban da ka gani irin na'urar da masana taurari na dā suke kwatanta zagayen sararin sama da ita ce, kuma an saita sandar tsakiyarta tana nuna tauraron arewa.

An haifi Lawrie ranar 16 ga Oktoba, 1877, a Rixdorf, wani gari da yanzu ya shige cikin birnin Balin na Jamus. Tun yana ƙaramin yaro aka kawo shi Amurka, ya tashi a Chicago. Ba ta ƙofar makaranta ya shiga sana'ar ba. Yana ɗan shekara 14 ya kama aiki a wurin wani masassaƙi mai suna Richard Henry Park, a matsayin yaron shago. Sai aka yi sa'a birnin ya shiga shirin gagarumin bajekolin duniya na 1893, inda aka tayar da manyan gine-gine na wucin gadi, aka cika su da mutum-mutumi da ake yi da filasta haɗe da zaren rama. Lawrie ya yi aiki a ƙarƙashin masassaƙan da suka yi wannan aikin. A ganina a nan ya samo halayen da suka bi shi har tsufa: yin abu babba, yinsa da sauri, da sanin cewa mai zanen gini ne ke da ranar da za a gama, ba mai sassaƙa ba. Daga baya ya yi yaron gida a wurin manya irin su Augustus Saint-Gaudens, ya kuma yi aiki a bajekolin St. Louis na 1904 a ƙarƙashin Karl Bitter.

Abin da ya juya rayuwarsa shi ne haɗuwarsa da mai zanen gini Bertram Grosvenor Goodhue a 1895, lokacin Goodhue yana aiki tare da wani mai zanen gini, Ralph Adams Cram. Daga nan suka ɗinke, suka yi kusan shekara 30 suna aiki tare. Goodhue ya zana, Lawrie ya cika bangon da rai. Farkon aikinsu da aka sani shi ne allunan dutse na wani ɗakin karatu a garin Pawtucket. Sannan majami'ar makarantar sojoji ta West Point, sannan cocin St. Thomas da ke New York, inda Lawrie ya cika bangon gaba mai tsawon ƙafa 80 da siffofi gommai, jere bisa jere har rufi. Digiri kuwa sai 1910 ya samu daga jami'ar Yale, alhali tun 1908 yake koyarwa a can, ya ci gaba har 1919. Ya kuma koyar a Harvard na ɗan lokaci. Ya rasu ranar 23 ga Janairu, 1963, a garin Easton na jihar Maryland, yana da shekara 85.

Dalilin da ya sa ba ka ji sunansa a aji ba kuwa, yana cikin yanayin sana'ar. Masassaƙin da ke yin abu don a ajiye a gidan tarihi, ana rubuta sunansa a ɗan allo a gefe. Wanda ke yi wa gini sassaƙa kuwa, da zarar an gama sai a ce ginin wane ne, a ambaci mai zane ko mai kuɗi. Lawrie ya san haka, kuma bai guje masa ba. Burinsa shi ne sassaƙar ta zama ɓangaren bango, yadda ba za ka iya cewa ga inda gini ya ƙare ga inda ado ya fara ba. Ya cim ma burin, ladan da ya samu kuma shi ne miliyoyin mutane suna wucewa ƙarƙashin aikinsa kullum ba su san da shi ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni sana'ata sassaƙar ƙofofin katako. Na karanta cewa mutumin nan ya yi aiki sama da 300. Na san abin da ƙofa ɗaya ke ci na lokaci, balle dutse. Anya ba ƙari a maganar? (Daga wani masassaƙi)

AMSA: Malam, tambayar mai sana'a ce, kuma shakkarka tana kan hanya. Adadin gaskiya ne, amma ba hannunsa kaɗai ya yi ba. Lawrie ba ya yini a jikin bango da guduma da cizal. Aikinsa a ɗakin aikinsa yake, da yumɓu. Mai zanen gini zai aiko masa da awon gurbin da za a cike, tsawo da faɗi da zurfin dutsen da aka bari. Sai ya fara da ɗan ƙaramin samfuri, a duba, a yi gardama, a gyara, ya yi babba. Idan an amince sai a zuba filasta a ɗauki siffar, a sa a akwati, jirgin ƙasa ya kai ta inda ake ginin. A can ne maƙwaƙulan dutse, waɗanda da yawansu 'yan asalin Italiya ne, za su hau kan katakon da aka kafa a jikin bango, su ajiye samfurin a gefe, su riƙa ɗaukar awo ɗigo bayan ɗigo da wata na'ura mai allura, suna mayar da shi kan dutse. Abin da za a yi da tagulla kuma, maƙera masu zubi ake kai wa.

Saboda haka idan aka ce aikin Lawrie, a sani cewa akwai hannaye da yawa a ƙarƙashin sunan. Bari in ambaci biyu, don sun cancanta. Edward Ardolino shi ne mai kamfanin da ya sassaƙa da yawa daga cikin ayyukansa na dutse. A ginin majalisar jihar Nebraska kuwa, wani ma'aikacin kamfanin mai suna Alessandro Beretta ne ya ƙwaƙule yawancin allunan tarihin shari'a da ke zagaye da ginin, allo ɗaya yakan ci masa har mako 10, kuma sai 1934 aka gama. In Lawrie ya yi kukan an manta da shi, me Beretta zai ce?

Kada wannan ya rage masa daraja a idonka. Kai ka san bambancin wanda ya iya riƙe gizago da wanda ya san abin da za a fitar daga itacen. Mai yin samfuri dole ya lissafa yadda siffa za ta bayyana ga wanda ke tsaye a ƙasa, ƙafa 100 ko fiye daga inda take. Dole ya san inda rana ke bi, don inuwa ce ke zana sassaƙa, ba fenti ba. Dole ya san inda ruwan sama zai taru ya daskare a lokacin sanyi ya fasa dutse. Shi ya sa za ka ga layukansa masu kauri ne, gashi da tufafi an mayar da su tsaga-tsaga masu zurfi, ba a ɓata lokaci kan ƙananan abubuwan da ido ba zai kai gare su ba.

TAMBAYA: Malam, a cikin ayyukansa wanne ne ya fi? Ko Atlas ɗin ne? (Daga wata mai karatu)

AMSA: 'Yar'uwa, Atlas ya fi suna, amma a wurina ba shi ne kan gaba ba. Atlas abu ne mai zaman kansa, kana iya ɗauke shi ka kai wani dandali bai rasa komai ba. Wanda ke son ya san abin da Lawrie ya zo da shi, sai ya dubi ginin majalisar jihar Nebraska da ke birnin Lincoln. A nan zan ɗan daɗe.

Jihar manoma ce, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta masara da alkama da shanu. Ginin majalisarsu na baya ya soma lalacewa, aka yi gasar zane a 1920, Goodhue ya ci. A lokacin kusan kowace jiha kwaikwayon majalisar tarayya da ke Washington take yi: ginshiƙai irin na Girka da Rum, da ƙubba a tsakiya. Goodhue ya kauce wa wannan. Ya zana faffaɗan gini gajere mai kusurwa huɗu, ya dasa hasumiya mai tsawon ƙafa 400 a tsakiyarsa, wadda ake hangowa daga nesa a wannan fili da babu tudu. An fara gini a 1922, aka gama a 1932, kuɗin bai kai dala miliyan 10 ba, kuma jihar ba ta ci bashi ba, tana tara haraji tana gini.

Mutum uku ne suka haɗa kai da Goodhue. Hartley Burr Alexander, malamin falsafa a jami'ar jihar, shi ya tsara abin da ginin zai faɗa, ya zaɓi mutanen da za a siffanta da kalmomin da za a rubuta. Hildreth Meière ta yi adon ƙasa da rufi na ƙananan duwatsu da tayil masu launi. Lawrie ya ɗauki sassaƙa. Goodhue ya sha nuna cewa abin da yake so shi ne mai zane da mai sassaƙa da mai launi su zama abokan aiki tun daga tushe, ba a gama gini sannan a kira wani ya liƙa masa ado ba. Bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a watan Afrilun 1924 yana da shekara 54. Sauran suka ci gaba da abin da ya bari, kuma Lawrie ne ya sassaƙa masa kabari a wata majami'a a New York, ya jera siffofin gine-ginensa a samansa.

To me ke jikin bangon? A da, idan za a sa mutum-mutumi a gini, sai a yi masa gurbi ko dakali a tsayar da shi, kamar baƙon da aka ba wurin zama. Lawrie bai yi haka ba. Ginshiƙin bangon ne da kansa yake tashi daga ƙasa, dutse sumul ba komai a jikinsa, sai can sama ka ga ya fitar da ƙirji da kafaɗu da kai. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu mutum, bango ne. Ba za ka iya cire siffar ba sai ka rushe ginshiƙin. A saman babbar ƙofar arewa haka ya yi siffofi huɗu masu wakiltar hikima, adalci, ƙarfi da jinƙai. A gefen kudu, inda kotun ƙolin jihar take, haka ya jera masu kafa doka na tarihi, irin su Hammurabi na Babila, da Solon na Girka, da Justinian na Rumawa. A gindin hasumiya akwai wasu takwas, cikinsu har da Socrates, da Isaac Newton, da Abraham Lincoln. Sannan allunan tarihin shari'a guda 21 sun zagaye ginin, daga zamanin dā, zuwa takardar da manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita a 1215, zuwa shelar 'yanta bayin Amurka ta 1863, zuwa ranar da Nebraska ta zama jiha a 1867. A saman ƙofa kuma an rubuta wata jimla ta Alexander, wadda ma'anarta ita ce tsirar ƙasa tana cikin sa idon ɗan ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya je neman salo. Bai tsaya kan Girka da Rum ba, ya koma ga sassaƙar Masar da ta Assuriya, masu faɗi da nauyi da tsayayyun layuka, waɗanda aka yi don rana mai ƙarfi da bango mai faɗi. Mutumin da shekaru kaɗan kafin nan yake cika majami'u da siffofi irin na Turai ta tsakiyar zamani, ga shi ya sauya hannu gaba ɗaya. Wannan sabon hannun ne ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan salon da daga baya aka sa wa suna Art Deco a Amurka.

A can ƙololuwa kuma akwai Mai Shuka. Mutum ne na tagulla, ba takalmi, ya naɗe hannun riga, jakar iri a gefe, yana watsawa da hannu. Tsawonsa ya haura ƙafa 19, yana tsaye a kan dakali mai siffar damin alkama da masara, an ɗaga shi sama a watan Afrilun 1930. Yana kuma aikin kare ginin daga tsawa. Wasu jihohin sun ɗora mace mai riƙe da takobi ko ma'auni a kan majalisarsu. Wannan jiha ta ɗora manomi, kuma na ga dacewar hakan ƙwarai. Akwai abin tausayi a lokacin da aka ɗora shi: shekarun da suka biyo baya su ne na fari da guguwar ƙura da suka tagayyara manoman tsakiyar Amurka, ga kuma karayar tattalin arziki da ta fara a 1929.

Wanda ya shiga ciki kada ya wuce ƙofofin tsohon zauren dattawa bai tsaya ba. Lawrie ya tsara su, wani masassaƙin garin mai suna Keats Lorenz ya sassaƙa su a katako, aka shafe su da launuka masu haske, suna nuna mace da namiji na 'yan asalin ƙasar. Na ce tsohon zaure domin tun 1937 Nebraska ta koma majalisa mai zaure ɗaya, ita kaɗai a duk jihohin Amurka.

TAMBAYA: Akwai wani mai ruwan zinariya kwance a kan maɓuɓɓugar ruwa a wuri ɗaya da Atlas. Shi ma nasa ne? Kuma shin bauta musu ake yi? (Daga wani ɗan kasuwa)

AMSA: Alhaji, wancan ba nasa ba ne. Sunansa Prometheus, Paul Manship ne ya yi shi, an kafa shi a 1934. Mutane da yawa suna haɗa su. Amma in ka ɗaga kai daga inda yake, za ka ga aikin Lawrie a saman ƙofar bene mafi tsawo a wurin: wani dattijo mai dogon gemu yana ture gajimare, riƙe da ma'aunin zana da'ira, wanda aka sa wa suna Hikima. An yi shi a 1933, na dutse ne da aka yi wa launi da ruwan zinariya, ƙarƙashinsa kuma bangon tubalan gilashi guda 240. A gefensa akwai siffofin Sauti da Haske, domin kamfanin rediyo na RCA ne babban mai haya a ginin a wancan lokaci, sa'ad da talabijin ke shirin fitowa. Ayyukan Lawrie a rukunin Rockefeller Center sun haura 10, babu mai fasahar da ya kai shi yawa a wurin.

Batun bauta kuwa, a'a. Atlas da Prometheus sunaye ne daga tatsuniyoyin Girkawan dā, masu ginin sun aro su ne a matsayin alamar ƙarfi da ci gaba. Ƙorafin da aka yi lokacin da aka buɗe Atlas ma na siyasa ne, wasu suka ce fuskarsa ta yi kama da ta Mussolini, mai mulkin kama-karya na Italiya. Siffofin da ya yi wa majami'u su ne ke da alaƙa da addinin masu su. Hukuncin yin siffa a addininmu kuwa fagen malamai ne, su za a tambaya. Nawa shi ne in gaya maka abin da aka yi da dalilin yinsa.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da tarihi. Na ga hoton ɓaunaye da aka sassaƙa a matakalar ginin Nebraska, da sunayen ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Ba su ne aka kora daga wurin ba? Ta yaya za a kori mutum sannan a yi ado da sunansa? (Daga wata malamar sakandare)

AMSA: Malama, kin taɓa inda ke da ciwo, kuma ba zan kare kowa ba. Ɓaunayen suna nan a gefen matakalar arewa, suna cikin mafi kyawun abin da Lawrie ya yi, kuma an rubuta sunayen ƙabilu da fassarar waƙoƙi da addu'o'insu a jikinsu. Alexander ya nazarci al'adun waɗannan mutane da gaske, ba da raini ya sa su ba. Amma tarihi tarihi ne. A shekarun 1870 aka kwashe ƙabilar Pawnee daga Nebraska zuwa yankin da yanzu ake kira Oklahoma. A 1877 aka tilasta wa ƙabilar Ponca irin wannan tafiya, mutane da dama suka mutu a hanya da bayan isa. Sai a 1879, a shari'ar shugabansu Standing Bear a birnin Omaha, wata kotun tarayya ta yanke cewa ɗan asalin ƙasar mutum ne a idon doka. Ɓaunayen kansu, da suke miliyoyi, an kusa ƙarar da su kafin 1890. Sannan a saman ƙofar da matakalar ke kaiwa, an sassaƙa ayarin baƙi masu shigowa da keken shanu, cikin ɗaukaka. Mai hawa matakalar yana barin 'yan ƙasa a ƙasa, yana tafiya wajen waɗanda suka gaje su. Ko an yi niyya ko ba a yi ba, abin da dutsen ya faɗa ke nan.

Ga wani misali. A hasumiyar Harkness ta jami'ar Yale, da aka gama a 1921, Lawrie ya sassaƙa mutum takwas da jami'ar ke alfahari da su. Ɗayansu John C. Calhoun ne, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, wanda ya yi fice wajen kare bautar da baƙar fata. A 2017 jami'ar ta cire sunansa daga ɗaya daga cikin kwalejojinta, amma siffarsa tana nan a hasumiyar. Mai yi wa gini sassaƙa ba shi ke zaɓar wanda za a girmama ba, mai ginin ne. Ban ce wannan ya wanke shi ba, domin ƙwarewarsa ce ta sa saƙon ya yi kyau ya kuma daɗe.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Idan aka zo batun ilimi da rubutu, aikinsa yana da buɗaɗɗen ƙirji fiye da na yawancin mutanen zamaninsa. A ƙofar babban ɗakin karatu na Yale, wadda ya tsara Chambellan ya aiwatar, an jera rubutun al'ummu daban-daban, har da na Masar, da Ibrananci, da Larabci, da Sinanci, da na Mayawan Amurka ta Tsakiya. A ƙofofin tagulla na ginin Adams na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, wanda aka buɗe a 1939, ya sa waɗanda al'ummu ke danganta wa ƙirƙirar rubutu, cikinsu har da Sequoyah, mutumin ƙabilar Cherokee da ya ƙago wa harshensu haruffa. Ki nuna wa ɗalibanki hotunan biyu tare, matakalar da ƙofar, ki bar su su yi muhawara.

TAMBAYA: Me ya sa yanzu ba a irin waɗannan gine-gine? Kuma ayyukansa suna nan har yau? (Daga wani injiniyan gini)

AMSA: Injiniya, abu biyu ne suka haɗu, kuɗi da ra'ayi. Karayar tattalin arziki da Yaƙin Duniya na Biyu sun tsayar da manyan gine-gine na shekaru, maƙwaƙulan dutse suka tsufa ba su sami magada ba. Da aka dawo gini, masu zane sun karɓi wani sabon ra'ayi daga Turai, cewa ado ƙarya ne, gini ya nuna ƙarfensa da gilashinsa kawai. Dogon benen Majalisar Ɗinkin Duniya da aka gama a farkon shekarun 1950 da benen Seagram na 1958, duk a New York, su suka zama abin koyi. Bangon gilashi ba shi da inda za a sa cizal. Lawrie bai zauna haka nan ba, ya yi zama biyu a hukumar da ke ba gwamnatin tarayya shawara kan fasaha, daga 1933 zuwa 1937 da kuma daga 1945 zuwa 1950, ya kuma yi wa zauren majalisar dattawan Amurka alluna uku na marmara. Amma ya rayu ya ga sana'ar da ya kai ƙololuwa ta zama abin da matasan masu zane ke kallo a matsayin tsohon yayi. Ni dai ina ganin an yi asara. Ba ado kawai aka cire ba, an cire hanyar da gini ke gaya wa mai wucewa abin da ake yi a cikinsa, ko kotu ce ko ɗakin karatu ko banki.

Yawancin ayyukansa suna nan, kuma abin da ya ɓoye sunansa shi ne ya kare su, domin ba a iya sayar da ginshiƙi ko a kai shi ɗakin ajiya. Za ka same su a ƙofar majalisar jihar Louisiana ta 1932, a ginin cibiyar kimiyya ta ƙasa da ke Washington, a hasumiyar Bok da ke Florida, da wurin tunawa da yaƙin basasar Amurka a Gettysburg. Takardunsa kuma suna ɗakin karatun majalisar dokoki.

Waɗanda ake iya cirewa su ne suka sha wuya. Babban ɗakin karatu na Los Angeles, wanda Goodhue ya zana aka buɗe a 1926, yana da wata maɓuɓɓugar ruwa a lambunsa da Lawrie ya yi wa allon tagulla mai nuna marubutan al'ummu daban-daban, ana kiranta Rijiyar Marubuta. A 1969 aka share lambun don a yi wurin ajiye motoci, allon ya ɓace. Ginin kansa ya tsira daga gobarar 1986, aka gyara shi, aka sake buɗe shi a 1993 da sabon lambu, amma ba allon. Sai a 2019, bayan shekara 50, wani mai sayar da tsofaffin kaya a garin Bisbee na jihar Arizona ya gane cewa wani guntun tagulla da ya daɗe a hannunsa ɓangare ne na wannan allo. An mayar da shi ɗakin karatun, sauran ɓangarorin biyu kuwa ba a same su tare da shi ba.